Zuwa da Wuri Ya Fi Zuwa da Wurwuri: Jawabi Kan Lokacin Tafiya Koyon Harshe a Ƙasar Waje



Maganar da ta tara jama'a yau magana ce da ake yi a rumfunan kasuwa da ofisoshi da zaurukan gidaje, tun daga Yamai har Damagaram, amma ba kasafai ake zama a yi mata lissafi ba. Mutum ne ya ƙudura niyyar zuwa wata ƙasa don ya koyi harshe, galibi Ingilishi, kuma galibi a Gana. Ya ɗan tara abin da ya tara, ba mai yawa ba, sai tambaya ta tsaya masa a rai: ya tashi yanzu da abin da ke hannunsa, ko kuwa ya dakata har kuɗin su ƙaru? In kuma ya dakata, har zuwa yaushe? Amsar da jawabin nan zai kare ita ce, ranar tafiya tana zuwa ne sa'ad da abu biyu suka haɗu: mutum ya gama koyon abin da gida ke iya koya masa, kuma kuɗinsa sun isa su zaunar da shi har ƙarshen karatu, su maido shi gida. Kafin haka tafiya gaggawa ce, bayan haka kuwa zama ɓata lokaci ne.

Tsohuwar hanya, sabuwar bukata

Hanyar Gana ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar nan. Fatake sun bi ta zuwa Gwanja neman goro tun kafin zuwan Nasara. A 1954 Jean Rouch ya fara ɗaukar fim ɗinsa mai suna Jaguar, wanda ya fito a 1967, yana bin Damure Zika da abokansa biyu a tafiyarsu ta cin rani zuwa ƙasar da a lokacin ake kira Gold Coast. Har yau albasar Galmi tana sauka a kasuwannin Kumasi da Akara, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. Abin da ya canza shi ne hajar da ake zuwa nema. Da goro ne da tufafi da aikin ƙarfi, yanzu kuwa matasa da yawa harshe suke zuwa saye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kasuwan da ke sayo kaya a Dubai ko Sin ya san da Ingilishi ake rubuta masa takardar kaya, kuma ya san abin da tafinta ke ci a tsakani. Ma'aikacin da ke neman aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ya san layin da ake tambayar harsuna a takardar neman aiki. Ga kuma hukuma da kanta: kundin da ake kira Charte de la Refondation, wanda aka zartar a watan Maris na 2025, ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka mai son koyon Ingilishi ba son banza yake yi ba. Gana kuwa ta daɗe da sanin wannan ciniki. Tun 1961 Kwame Nkrumah ya kafa makarantar harsuna ta gwamnati, wadda daga baya aka haɗe ta da wasu makarantu biyu cikin jami'a ɗaya, ban da makarantu masu zaman kansu da suka cika Akara suna jiran ƴan ƙasashen da ke aiki da Faransanci.

Mutum biyu da suka yi hasara

A wannan harka akwai mutum biyu da kusan kowa a nan ya san irinsu. Na farko shi ne mai gaggawa. Ya ji abokinsa ya tafi, ya sayar da babur, ya haɗa da abin da mahaifiya ta ba shi, ya shiga mota da kuɗin wata uku yana cewa saura Allah zai kawo. Ya biya makaranta, ya biya ɗaki, kafin wata na biyu ya ƙare aljihu ya fara sanyi. Daga nan sai ya fara fashin aji yana bin motocin albasa yana sauke buhu. A wata na huɗu ga shi ya dawo, ko kuma ya maƙale can kunya ta hana shi dawowa. Ingilishin da ya samo bai wuce na gaisuwa da tambayar farashi ba, wanda da ma a tashar Jibiya ana samunsa kyauta.

Na biyu shi ne mai jira. Shi kullum kuɗi ba su cika ba. Bana an yi suna, baɗi ƙane zai yi aure, shekara mai zuwa rufin ɗaki ya zuba. Shekara bakwai yana tari, tarin bai taɓa kaiwa ba, domin asusun da ba a sa masa rana ba kowa na da rabo a cikinsa. Kafin ya ankara ya yi iyali, ya yi nauyi, tafiyar ta zama labarin da yake ba yara da dare.

Su biyun nan ciwonsu ɗaya ne: babu wanda ya zauna ya tambayi kansa me zai sayo, kuma nawa ne kuɗinsa.

Awoyi ake saye

Mai zuwa makarantar harshe awoyi yake saye, kamar yadda mai zuwa kasuwar hatsi ke sayen tiya. Makarantu da yawa a duniya suna auna iya harshe da matakai shida, daga A1 zuwa C2. Masu shirya jarrabawar Ingilishi ta Kambirij sun ƙiyasta cewa wanda ya faro daga tushe yana bukatar awa 180 zuwa 200 na karatu a gaban malami kafin ya kai A2, matakin da zai iya ƴar hira ta yau da kullum. Yana bukatar awa 350 zuwa 400 kafin ya kai B1, sannan awa 500 zuwa 600 kafin ya kai B2, matakin da mutum ke iya yin aiki da harshen, ya rubuta wasiƙa, ya zauna taro, ya yi jayayya kan farashi da sharaɗi ba tare da tafinta ba. Wani ya fi wani kaifin kai, amma ma'aunin ke nan.

To, a ƙaddara makaranta tana ba da awa 4 a yini, kwana 5 a mako, watau awa 20. Wanda ya je bai san komai ba zai bukaci mako 25 zuwa 30 kafin ya kai B2, wata shida zuwa bakwai ke nan. Mai kuɗin wata uku ya sani tun daga gida cewa rabin hanya zai tsaya.

Amma ga abin lura. Awoyin farko, na haruffa da ƙirga da ginin jimla da kalmomi dubu na farko, ba su bukatar Akara. Duk wanda ya shiga koleji a ƙasar nan ya yi Ingilishi tun daga ajin farko, ko da ya manta, tushen yana nan kwance. Akwai malaman Ingilishi na koleji da lise a kowane babban gari, da yawansu suna ba da darasi da maraice. Akwai littattafai a kasuwa, akwai wayar hannu da ke ɗauke da darussa da murya. Abin da ƙasar waje ke sayarwa, wanda gida ba shi da shi, shi ne tilas: a wayi gari mai shago da direba da maƙwabci duk da harshen za a yi da su. Wannan tilas ɗin kuwa ba ya amfanar wanda bai da abin da zai faɗa. Mai zuwa da A1 shiru zai yi wata biyu yana biyan haya. Mai zuwa da B1 tun daga tasha zai fara cin ribar kuɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jaka huɗu

Sai maganar kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin makaranta kaɗai, alhali sau da yawa shi ne ƙarami a cikin nauyin. Mai shiri na gaskiya jaka huɗu yake ɗaurewa, kuma ba ya barin ɗaya ta ranci ɗaya.

Jaka ta farko ta zama ce: makaranta, ɗaki, abinci, mota, magani. A nan akwai abin da ke ba baƙi mamaki. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a aikace masu gidaje a Akara sun saba neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wanda ya lissafa haya wata-wata yana iya tarar da rabin guzurinsa ya tafi tun ranar da ya sauka. Don haka a san wurin kwana da sharaɗin biyansa tun kafin a tashi, daga bakin wanda ya zauna can, ba daga takardar tallar makaranta ba.

Jaka ta biyu ta hanya ce da takardu, zuwa da dawowa. Kuɗin dawowa a ware su, a ɗauka ba a da su. Shekarun nan sun koyar da darasi mai tsada a kan wannan. A watan Maris na 2020 Gana ta rufe iyakokinta saboda annobar korona. Filin jirgin sama ya buɗe a watan Satumba na wannan shekara, amma iyakokin ƙasa ba su buɗe ba sai a watan Maris na 2022, shekara biyu cur. Wanda ya dogara da kuɗin mota kaɗai ya ga ta kansa. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibai baƙi masu yawa, har da ƴan Afirka ta Yamma da suka je neman Larabci da ilimin addini a Khartum, suka fito ta hamada da abin da ke jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar ƙasar nan da Benin da Najeriya, matafiya suka koma zagaye mai nisa da tsada. Babu wanda ke fatan irin wannan, amma baƙon da ba shi da kuɗin komawa fursuna ne ko da ba a kulle shi ba.

Jaka ta uku ta canji ce. Dattawan da ke wurin nan ba su manta watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi a taron Dakar: faran ɗaya na Faransa da ake saye da Sefa 50 ya koma 100 cikin dare ɗaya, duk wanda ke da ɗa yana karatu a waje ya wayi gari nauyinsa ya ninka. Tun 1999 Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan Sefa 656, amma sidin Gana ba a ɗaure yake ba. A 2022 ya faɗi warwas, har hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Wanda ya canza kuɗinsa duka a farkon shekarar ya ga suna narkewa a hannunsa. A 2025 kuma sai abin ya juya: dalar Amurka da ake saye da sidi 15 da wani abu a watan Afrilu ta sauko kusa da sidi 10 a watan Yuni, mai riƙe da kuɗin waje ya ga ɗaki da abinci sun yi masa tsada ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba. Ba mai iya sanin inda canji zai nufa. Abin da mai hankali ke yi shi ne ya riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, ya kuma ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kan duk lissafinsa saboda irin wannan rana.

Jaka ta huɗu ta gida ce, ga wanda ke da iyali ko iyayen da yake ciyarwa. Mutumin da ake kira kowane mako ana ce masa hatsi ya ƙare ba zai riƙe darasi ba. In ba a bar wa gida abin da zai ci ba, jakar zama ce za ta riƙa komowa ta waya har ta ƙare.

Lissafin misali

A ɗauki misali, kowa ya cire waɗannan adadi ya sa nasa. A ce saurayi ne ma'aikaci, bai yi aure ba, yana iya ajiye jika 35 kowane wata. A ce zaman wata ɗaya a can, da makaranta da komai, jika 150 ne, hanya da takardu kuma jika 150. In zai tafi bai san komai ba, wata shida yake bukata aƙalla: jika 900, a haɗa da hanya, miliyan 1 da jika 50, a ɗora kashi ɗaya cikin biyar, miliyan 1 da jika 260. Tarin wata 36 ke nan, shekara uku.

Amma in a cikin jiran nan ya ɗauki awa ɗaya kowace rana yana karatu na gaske, cikin wata bakwai ya yi awa 200. Zamansa a can ya ragu zuwa wata huɗu, lissafinsa ya sauko jika 900, tarin wata 26. In ya dage wata 13 ya yi awa 400, wata uku sun ishe shi a can, lissafin ya koma jika 720, tarin wata 21. Ko da an cire abin da zai ba malamin maraice, ribar tana nan. A wannan misali kowace awa ta aji a Akara tana cin kusan jika 2, in an haɗa da ɗaki da abinci. Ke nan mai karatu a gida asusu biyu yake zubi lokaci guda, kuma na biyun babu ɗan'uwan da zai zo ranta.

Wannan lissafi shi ne kuma ke nuna dalilin da ya sa maganar Turai ba ta mai ƙaramin tari ba ce. Shekara da shekaru Faransa ta riƙa neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 na kowane wata, sama da jika 400, kuma ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a watan Janairu na 2024. Jamus, daga watan Satumba na 2024, ta sa ɗalibi ya kulle yuro 11,904 a banki na shekara ɗaya, watau kusan miliyan 7 da jika 800. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan, wanda aka ɗaga a 2024, jika 42 ne. Mai wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 15 kafin ya tara abin da Jamus ke nema. Wanda ya ce wa matashi ya sayar da gonar gado don wannan, ba masoyinsa ba ne.

Zango da fatan aiki

Akwai tarko biyu da ke jiran wanda ya isa. Na farko mai daɗi ne, shi ya sa ya fi haɗari. Ɗan Nijar da ya sauka Akara ba ya rasa masauki. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina zai tarar da ƴan'uwa, da masallaci, da tuwo, da Hausa tana gudana kamar a Zariya ta Maraɗi. Zango alheri ne, ya rufa wa dubban baƙi asiri, kuma ɗakinsa ya fi araha. Sai dai wanda ya je sayen harshe ya zauna inda ba a bukatar harshen, ya biya kuɗin tilas ya kuma guje mata. Awa 4 a aji, awa 20 cikin Hausa da Zabarmanci, sai ya dawo da takardar shaida bakinsa bai buɗe ba. In dole ce ta sa a sauka zango, to a yi wa kai doka: abokin ɗaki wanda ba ya jin Hausa, ko yini a wajen unguwa. Wannan dalili ne kuma ya sa Katsina da Kano da Sakkwato, duk da kusancinsu da arahar da faɗuwar naira tun 2023 ta kawo wa mai Sefa, sai an yi hattara da su: akwai malamai ƙwararru, amma da an fito aji an komo gida.

Tarko na biyu shi ne cewa in an je za a sami ɗan aiki a cike gurbi. Takardar karatu ba takardar aiki ba ce. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa ƴan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla a titi, kuma a 2019 da 2020 an kulle shagunan baƙi da dama a Kumasi da Akara a kan wannan batu. Tsofaffi suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen ƙasar nan da yawa suka dawo hannu rabbana. Game da takardu kuwa, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba da damar shiga ba biza har kwana 90. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, a ranar kuma ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardun tafiya da zirga-zirgar ƴan ƙasashen AES har sai an ba da wata sanarwa. Abin da aka rataya a kan wata sanarwa yana iya canzawa. Mai tafiya ya tambayi halin da ake ciki a makon da zai tashi, ya kuma sani zaman da ya wuce wata uku yana da nasa takardu da nasa kuɗi.

Lokacin ma'aikaci da lokacin ɗan kasuwa

In kuɗi sun cika, karatun gida ya kai, saura zaɓen wata. A nan ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa da agogonsa.

Ma'aikacin gwamnati ya bambanta tafiyar da hukuma ta amince da ita a matsayin ƙaro ilimi, wadda albashi ke gudana a cikinta, da hutun da ake kira disponibilite, wanda albashi ke tsayawa, ci gaban muƙami ma ya tsaya. Kada ya tashi a kan alkawarin baki, sai takarda ta fito da sa hannu. Wanda ya bar aiki ba izini yana iya dawowa da Ingilishi ya tarar babu kujera. Malamin makaranta yana da babban hutun damina, wanda ya yi daidai da zaman wata uku in ya shirya tun daga gida. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, za su gaya wa na baya cewa ba a gina tafiya a kan kuɗin da ba su shigo hannu ba tukuna.

Ɗan kasuwa kuwa hasararsa ba a kuɗin makaranta take ba, a rumfar da ya bari take. Mai hatsi ba ya barin gari da kaka, lokacin da ake saye a ajiye. Mai tufafi da takalma ba ya tafiya gab da azumi da salla. Mai albasa ya san watannin da kaya ke fitowa. Kowace sana'a tana da watannin da kasuwa ke barci, a cikinsu ake tafiya. Sharaɗi mafi girma shi ne kada a taɓa uwar kuɗi. Karatu daga riba ake biyansa. Wanda ya ci jari don ya koyi harshen ciniki zai dawo da harshe babu abin cinikin. Sau da yawa ma abin da ya fi wa Alhaji ko Hajiya shi ne su zauna a rumfa, su aika ɗa ko ɗiya da suka riga suka yi lise, domin wata uku na mai tushe sun fi shekarar wanda zai faro.

A sa rana

Saura maganin ciwon mai jira. Tari ba ya cika sai an sa masa adadi da rana. A rubuta adadin a takarda, a raba shi da abin da ake iya ajiyewa kowane wata, watan da ya fito shi ne watan tafiya. A sanar da iyaye da dangi tun da wuri, domin kuɗin da aka san sunansu sun fi wuyar roƙo. A ajiye su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ko a banki, ko wurin amintacce, ko a shiga adashe a nemi ɗauka ta ƙarshe. In ranar ta zo an sami kashi tara cikin goma, ga kuɗin dawowa a ware, to a rage mako biyu a zaman a tafi, kada a ɗaga shekara. In kuwa rabi aka samu, a ɗaga ba tare da jin kunya ba, a ci gaba da karatun gida, domin shi ba ya ruɓewa.

Akwai wanda ya kamata ya tafi da wuri ko da lissafi bai gama cika ba: wanda aiki ko gurbin karatu ke jiransa a rubuce, da ranar da za a rufe ƙofa. Shi bashi ma yana iya halatta gare shi, tun da ya san inda zai biya. Akwai kuma wanda bai kamata ya tafi ba sam: wanda in an tambaye shi me zai yi da harshen bayan ya dawo, sai ya ce ai dai yana da amfani. Wannan ya zauna ya fara da malamin maraice. In ya riƙe awa ɗaya kowace rana har wata shida, niyyarsa ta gaskiya ce. In ya kasa a garinsu, inda tuwo ke jiransa, Akara ba za ta canza shi ba.

Kalma ta ƙarshe ta mahukunta ce da masu hali. Ƙasar da ta rubuta Ingilishi cikin harsunan aikinta ta ɗauki alkawari. Bai dace a ce ɗan talaka sai ya tara albashin shekara biyu ya kai wata ƙasa kafin ya cika sharaɗin da ƙasarsa ta gindaya ba. Akwai jami'o'i a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, akwai azuzuwan koleji da ke kulle tun daga la'asar, akwai malamai. Darussan maraice masu araha ga ma'aikata da ƴan kasuwa ba su fi ƙarfin hukuma ba, ba su ma fi ƙarfin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ba in sun haɗa kai. Kowace awa da aka koyar a nan, kuɗi ne da suka zauna a ƙasa.

Kafin wannan ya samu, nauyin yana kan mai tafiya da iyayensa. Ya tambayi kansa abu uku: shin zai iya hirar minti goma da harshen tun kafin ya tashi? Shin jakunkunan nan huɗu sun cika, ta dawowa tana ɗaure? Shin aikinsa ko rumfarsa za su jira shi? Ranar da ya amsa ukun nan da i, ya nemi albarkar iyaye ya kama hanya, kada ya ƙara ko mako. Magabata sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, ba su kuwa ce a zauna ba.

Allah shi ba mai nema sa'a, shi kai matafiya lafiya, shi maido su da abin da suka je nema.